Django ko Laravel: amsa ga matashin Daura da zai gina wa makaranta manhaja

Tambaya ta zo mini daga wani matashi mazaunin Daura wanda ya kammala difloma a fannin kwamfuta. Ya ce shugaban wata makaranta mai zaman kanta a unguwarsu ya nemi ya gina musu manhajar intanet da za ta riƙa ajiye sunayen ɗalibai da sakamakon jarrabawa da lissafin kuɗin makaranta, ta yadda iyaye za su iya duba sakamakon 'ya'yansu ta waya. Ya iya yaren rubuta manhaja na Python daidai gwargwado, ya taɓa na PHP kaɗan a aji, amma ya rasa wanda zai kama, domin duk wanda ya tambaya sai ya faɗa masa suna daban: wannan ya ce Django, firemwok ɗin gina manhajar intanet na Python, wancan ya ce Laravel, takwaransa na PHP, wani kuma ya ce masa in ba React ba ne to ɓata lokacinsa yake yi. Kwamfutarsa laftof ce ta gwanjo mai ram gigabait 4, tana ɗauke da Windows. Yana so ya san wanne zai ɗauka, da kuma yadda zai shirya kwamfutar domin aikin.

Ƙanena, amsata a taƙaice ita ce ka ɗauki Django. Sharaɗi ɗaya ne zai sa in canza wannan magana, shi ne idan abin da makarantar za ta iya biya duk shekara bai wuce kuɗin masaukin shafi mafi araha ba, irin wanda mutane da yawa suke tarayya a kan saba ɗaya, wato kwamfutar da take riƙe shafuka a intanet. Idan haka ne, Laravel ya fi dacewa da kai, kuma zan zo kan dalilin. Abin da nake so ka riƙe tun yanzu shi ne cewa ba ƙarfin firemwok ne zai yanke wannan hukunci ba, domin manhajar makaranta mai ɗalibai 'yan ɗaruruwa ba ta kai nauyin da zai gajiyar da ko ɗaya daga cikinsu ba. Abin da zai yanke hukuncin shi ne yaren da ka riga ka iya, da wurin da manhajar za ta zauna idan ka gama ta, da kuma wanda zai riƙe ta ranar da ka tafi bautar ƙasa ko ka sami aiki a wani gari.

Firemwok tarin kod ne da wasu suka riga suka rubuta domin ayyukan da kowace manhajar intanet take maimaitawa: karɓar buƙata daga burauza, gane shafin da ake nema, tantance mai shiga da kalmar sirri, magana da rumbun bayanai, da mayar da amsa. Mai gina ɗaki ba ya fara da ƙera ƙusa da kwano, sayo su yake yi ya mayar da hankali kan fasalin ɗakin. Amma akwai wani amfani da ya fi sauƙin aiki muhimmanci, shi ne kariya. Ka dubi sunayen da za su cika rajistar makarantar nan: Asma'u, Sa'idu, Rabi'atu, Mu'azu. Kowannensu yana ɗauke da alamar hamza a tsakiya, kuma wannan alama ita ce dai wadda SQL, yaren magana da rumbun bayanai, yake amfani da ita wajen buɗe rubutu da rufe shi. Wanda ya rubuta PHP tsagwaronsa yana manna suna kai tsaye cikin umarnin rumbun bayanai, ranar da aka zo shigar da Asma'u manhajarsa za ta tsaya cak, kuma ƙofar da sunan ya bi ya karya ta ita ce ƙofar da mai kutse zai bi ya kwashe rumbun gaba ɗaya. Django da Laravel duka suna toshe wannan ƙofa da kansu muddin ka bi hanyar da suka shimfiɗa. Haka nan ba sa ajiye kalmar sirri a fili: Django yana murɗa ta da tsarin PBKDF2, Laravel kuma da bcrypt, ta yadda ko an sace rumbun ba za a iya karanta ta kai tsaye ba.

Dalilin da ya sa na fifita maka Django yana cikin asalinsa. An gina shi ne a wani gidan jarida da ke garin Lawrence a jihar Kansas ta Amurka, Adrian Holovaty da Simon Willison ne suka fara shi, aka sake shi ga jama'a a 2005. Masu aikin jarida suna buƙatar wurin da za su shigar da labari ba tare da sun jira mai rubuta manhaja ba, saboda haka aka haɗa shi da shafin gudanarwa tun daga tushe. Da zarar ka bayyana wa Django cewa ɗalibi yana da suna da aji da lambar wayar mahaifi, sai ka ƙara layuka kaɗan ya ba ka shafi cikakke inda magatakardan makaranta zai ƙara ɗalibi, ya gyara kuskure, ya bincika suna, ya tace ɗalibai aji aji. Kusan rabin abin da shugaban makarantar ya nema a wurinka shigar da bayanai ne da gyara su, kuma wannan rabin za ka same shi a makon farko. Ga kuma tsarin rabon iko wanda ya zo da shi, inda za ka ce malamin lissafi yana iya shigar da maki amma ba ya iya taɓa lissafin kuɗi. Sannan ka riga ka iya Python, wanda yake nufin abu ɗaya za ka koya maimakon biyu.

Laravel kuma Taylor Otwell ne ya fitar da shi a 2011 a kan yaren PHP, kuma ba na ɗaukarsa a matsayin na biyu wajen inganci. Bayaninsa a rubuce yana da kyau ƙwarai, tsarinsa na magana da rumbun bayanai mai suna Eloquent yana da daɗin karantawa. Inda yake rinjayar Django a ƙasarmu shi ne wajen masauki. Kamfanonin da suke sayar da masaukin shafi mai araha da naira yawanci suna ba ka allon sarrafa masauki na cPanel tare da PHP da rumbun bayanai na MySQL a shirye, domin an tsara su ne saboda shafukan WordPress, wanda shi ma da PHP aka rubuta shi. Wasu daga cikinsu suna ba da damar kunna manhajar Python, wasu ba sa bayarwa, kuma inda ake bayarwa ma sigar Python ɗin takan kasance tsohuwa. Hanyar da ta fi dacewa da Django ita ce ka yi hayar ƙaramar saba taka kai kaɗai, ka girka Nginx da Gunicorn, masu karɓar buƙatun burauza su miƙa wa Django, da rumbun bayanai da hannunka, ka kuma ɗauki nauyin sabunta ta. Wannan ilimi ne mai daraja wanda zai amfane ka tsawon rayuwar aikinka, amma yana da tsada fiye da masaukin tarayya, kuma da yawa daga cikin masu ba da hayar da dala suke karɓa.

Saboda haka kafin ka rubuta layi ɗaya, ka koma wurin shugaban makarantar ka tambaye shi nawa zai iya warewa duk shekara domin masauki da sunan shafi. Ka nuna masa cewa wannan kuɗi ne mai maimaituwa kamar kuɗin wuta, ba biya ɗaya ba ne. Na ga manhajoji masu kyau sun mutu a nan Katsina ba don wani aibi a kod ɗinsu ba, sai don shekara ta zagayo babu wanda ya san ana bin kuɗin sabuntawa. Idan ka sami adadin, ka tuntuɓi kamfanin masaukin da kake da niyyar amfani da shi ka tambaye su ƙarara ko suna karɓar Django da kuma sigar Python da suke da ita. Amsarsu ce za ta rufe maganar zaɓi. Sunan shafin kuma, idan mai ƙarewa da .ng kuke so, ƙungiyar NiRA ce take kula da shi ta hannun dillalan da ta amince da su, kuma ka yi rajistarsa da sunan makarantar da imel ɗinta, ba da naka ba.

Akwai kuma batun magaji. Ka duba wa zai iya karanta aikinka idan ba ka nan. Daura tana da kwalejin fasaha ta tarayya, a Katsina kuma ga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Kwalejin Fasaha ta Hassan Usman Katsina da Jami'ar Al-Qalam, ga ta tarayya a Dutsin-ma. Ka tambayi abokanka da suka fito daga waɗannan wurare me suke rubutawa da shi. Python da PHP duka ba za ka rasa wanda ya san su ba. Wannan ne ya sa ban ba ka shawarar Ruby on Rails ba, duk da cewa tun fitowarsa a 2004 ya koya wa sauran firemwok abubuwa da dama, domin a iya mu'amalata da masu wannan sana'a a yankinmu, masu rubuta Ruby ba su da yawa. Flask kuma ƙarami ne mai daɗin koyo, amma ya bar maka zaɓen tsarin shiga da na rumbun bayanai da na gudanarwa, kuma mai aikin farko ya fi buƙatar a yi masa waɗannan zaɓuɓɓuka.

Game da wanda ya ce maka sai React, ba ƙarya ya yi ba cewa ana nemansa a kasuwar aiki. Sai dai React, wanda kamfanin Facebook ya saki a 2013, yana kula ne da fuskar shafi a cikin burauza kawai. Ba ya ajiye bayanai, ba ya tantance mai shiga. Idan ka ɗauke shi dole ka gina wani ɓangare a saba wanda zai riƙa ba shi bayanai, wato ka raba aikin gida biyu kana kai kaɗai. Sannan ka tuna wanda zai buɗe shafin: uba ne a ƙauyen da ke kusa da Daura ko Mai'adua ko Zango, riƙe da ƙaramar wayar Android, layin sadarwa yana zuwa yana ɗaukewa, yana so ya ga makin ɗansa kafin datarsa ta ƙare. Shafin da saba ta riga ta haɗa ta aiko shi a matsayin HTML mara nauyi zai buɗe masa nan take, wanda kuwa sai an fara sauke tarin JavaScript zai bar shi yana kallon farin allo. Ka koyi React daga baya idan wannan aiki ya tsaya da ƙafafunsa.

Yanzu sai shirin kwamfuta. Gigabait 4 zai yi aikin, amma da ƙyar idan ka buɗe editan kod da burauza mai shafuka da yawa a lokaci guda. Idan makarantar ta ba ka kafin alƙalami, abin da ya fi cancanta ka fara kashe kuɗin a kai shi ne ƙarin ram zuwa gigabait 8 da sauya tsohon faifan ajiya mai juyawa da SSD, in laftof ɗin tana karɓa. Waɗannan biyun sun fi canza saurin tsohuwar kwamfuta fiye da duk wata dabara. Kafin ka sami hali, ka nisanci Docker. Kayan aiki ne mai kyau ga ƙungiyar ma'aikata masu kwamfutoci daban-daban, amma a kan Windows yana kunna wata kwamfutar Linux a ɓoye wadda take cin ram, kuma abubuwan da yake saukewa sukan kai ɗaruruwan megabait. Kai kaɗai ne a aikin, ba ka buƙatarsa tukuna.

Za ka iya zama a kan Windows, Django yana aiki a kansa lafiya. Sai dai ka sani Microsoft ya daina ba Windows 10 tallafin yau da kullum tun Oktoban 2025, kuma laftof ɗin gwanjo da yawa ba su cika sharuɗɗan hawa Windows 11 ba. Idan taka tana cikinsu, ina ba ka shawarar ka gwada Linux mara nauyi kamar Linux Mint mai fuskar Xfce ko Lubuntu. Zai bar maka ram mai yawa, kuma sabar da manhajarka za ta zauna a kai kusan tabbas Linux ce, don haka sabawa da shi tun yanzu riba ce. Akwai wani bambanci da yake kama mutane a nan: Windows ba ya bambanta babban baƙi da ƙarami a sunan fayil, Linux kuwa yana bambantawa. Hoton tambarin makaranta da ka ajiye da suna Tambari.png ka kira shi tambari.png a cikin kod zai fito a laftof ɗinka, amma ranar da ka ɗora a saba zai ɓace. Ka saba da rubuta sunayen fayil da ƙananan baƙaƙe, ba tare da tazara ba.

Ka sauke Python daga shafinsa na asali, kuma idan a Windows ne, ka tabbata ka danna ɗan akwatin da yake cewa a ƙara Python cikin PATH a allon farko na girkawa, domin rashin danna shi ne yake sa a rubuta python a allon umarni kwamfuta ta ce ba ta san shi ba. Daga nan ka buɗe folda domin aikin, ka shiga cikinta ka rubuta python -m venv venv. Wannan umarni yana gina wa aikin keɓaɓɓen wuri nasa, ta yadda duk kunshin kod da ka girka zai zauna a nan ba tare da ya gauraya da na wani aiki ba. Mutane suna raina wannan mataki har sai ranar da suka karɓi aiki na biyu mai buƙatar wata siga daban, suka sabunta, na farko ya lalace. Bayan ka kunna wurin sai ka girka Django da pip, mai girka kunshin kod na Python, kuma ka zaɓi sigar da ake yi wa dogon tallafi. Irin waɗannan sigogi ana gyara musu ɓarakar tsaro har shekara uku. Siga ta 5.2 da ta fito a Afrilun 2025 tana cikinsu, tallafinta zai kai Afrilun 2028, kuma tana buƙatar Python 3.10 ko sama da haka. Makaranta ba ta buƙatar sabon salo duk wata takwas, tana buƙatar abin da zai zauna lafiya. Idan Laravel ka ɗauka, ka sani yana fitar da babbar siga duk shekara kuma gyaran tsaro na kowace siga shekara biyu ne, sannan a Windows manhajar Laragon za ta haɗa maka PHP da MySQL da Composer, mai girka kunshin kod na PHP, wuri ɗaya.

Duk lokacin da ka girka wani sabon kunshi, ka rubuta pip freeze > requirements.txt. Wannan ƙaramin fayil shi ne jerin duk abin da aikin ya dogara da shi tare da sigar kowanne. Ma'aunin da nake auna shirin kwamfuta da shi shi ne wannan: idan laftof ɗinka ta mutu yau, aka ara maka wata gobe, za ka iya dawo da aikin yana gudana kafin azahar? Idan amsar e ce, shirinka ya yi.

Wannan ya kawo mu kan Git, wanda Linus Torvalds ya rubuta a 2005, kuma ina so ka girka shi tun kafin Django. Git yana ajiye tarihin duk canjin da ka yi, kana iya komawa yadda kod ɗin yake jiya ko makon jiya, kuma idan ka tura shi zuwa GitHub ko GitLab, kwafinsa ya bar ɗakinka. Wani yaro da na koyar a nan Katsina ya shafe mako uku yana gina manhajar wani shagon magani, yana ajiye aikin a folda mai suna na ƙarshe, da wata mai suna na ƙarshe na gaske. Wata rana aka kawo wuta da ƙarfi laftof tana jone, faifan ya tafi da komai. Na zauna da shi muna ƙoƙarin ceto ko da fayil ɗaya ne, ba mu samu ba, kuma har yau ina tuna yadda ya yi shiru yana kallon allon. Abin da ya fi damuna shi ne na san da na nace masa kan Git tun ranar farko da asarar ba ta wuce ta yini ɗaya ba. Ka tura aikinka kowace yamma, ka sa ma'ajin ya zama na sirri, kuma ka rubuta fayil ɗin .gitignore domin kada foldar venv da rumbun gwaji da fayil ɗin asirai su bi shi. Asiran nan, wato mabuɗin sirrin Django da kalmar sirrin rumbun bayanai da mabuɗan kamfanin biyan kuɗi, ka ajiye su a fayil daban mai suna .env. Abin da ya shiga tarihin Git yana nan ko ka goge shi daga baya, don haka mabuɗin da ya taɓa shiga sai a canza shi.

Editan kod kuwa, VS Code ya wadatar, ka girka masa ƙarin Python kawai, ka kunna ajiya ta kai tsaye saboda ɗaukewar wuta. Idan ya yi wa laftof ɗin nauyi, Sublime Text ya fi shi sauƙi. Rumbun bayanai kuma, Django yana zuwa da SQLite a shirye, wanda fayil ɗaya ne ba ya buƙatar girka komai, kuma ya ishe ka farawa. Amma kafin ka kai rabin aikin, ka girka irin rumbun da za ka yi amfani da shi a saba, PostgreSQL ko MySQL, ka ci gaba da gwaji a kansa, domin SQLite yana da sassauci kan wasu kurakurai da sauran ba sa yafewa, kamar rubutun da ya wuce tsawon da aka ƙayyade wa gurbi. Wani abu kuma da littafin Django da kansa ya ba da shawara a kai: ka ƙirƙiri naka tsarin mai amfani tun kafin ka fara gina teburan rumbu, ko da ba ka ƙara masa komai ba. Iyaye da yawa ba su da imel, da lambar waya za ka so su riƙa shiga, kuma canza wannan bayan an cika rumbu da bayanai aiki ne mai wahala ƙwarai.

Data da wuta su ma suna cikin shirin. Idan da wayarka kake ba laftof intanet, ka shiga saitin Windows ka nuna masa cewa layin a ƙidaye yake, domin ya rage sauke manyan abubuwa a bayan fage. Ranar da ka sami intanet mai yalwa, ka sauke littafin bayanin Django gaba ɗaya, ana ba da shi a matsayin HTML ko PDF, kuma ka yi amfani da umarnin pip download ka tara kunshin da kake buƙata a folda ɗaya, ka kwafa a filash. Da wannan za ka iya sake girka komai ba tare da intanet ba. A watannin Maris da Afrilu kada ka ɗora laftof a kan katifa ko darduma, ka ɗaga bayanta iska ta ratsa, kuma bayan hunturu ka kai a busa mata ƙura, domin fankar da ta toshe tana sa na'urar ta rage gudu da kanta don kada ta ƙone, kai kuma ka zaci kod ɗinka ne yake da nauyi.

Akwai wani ɓangare da darussan bidiyo na ƙasashen waje ba za su faɗa maka ba, shi ne baƙaƙenmu masu ƙugiya: ɓ da ɗ da ƙ da ƴ. Ka tabbata rumbunka yana kan tsarin UTF-8, wanda a MySQL sunansa utf8mb4, domin idan ya faɗa kan tsohon tsari na latin1 waɗannan baƙaƙe za su koma alamar tambaya ko a ƙi karɓarsu. Django yana da wani aiki mai suna slugify da yake mayar da take ya zama adireshin shafi, kuma a yadda ya zo yana zubar da duk baƙin da ba ya iya mayarwa na Turanci. Idan ka ba shi Ƙofar Ƙaura zai mayar maka da ofar-aura, ɗalibai kuma ya zama alibai. Maganinsa shi ne ka kunna zaɓin allow_unicode, ko ka rubuta ɗan aiki da zai mayar da ƙ zuwa k da ɗ zuwa d kafin a yi adireshin. Haka nan wajen bincike: magatakarda ya shigar da suna da Ɗ, malami kuma ya nema da D saboda allon wayarsa ba shi da mai ƙugiya, sai manhaja ta ce babu ɗalibin. Abin da nake yi shi ne in ajiye sunan yadda yake daidai domin takardar sakamako, in kuma ajiye kwafinsa mara ƙugiya mara hamza a wani gurbi domin bincike kawai. Kuma tun da makarantar za ta nemi ka fitar mata da jerin ɗalibai ta buɗe a Excel, ka rubuta fayil ɗin CSV da tsarin utf-8-sig, in ba haka ba Excel na Windows yakan hargitsa baƙaƙen. Ka sa sunaye masu ƙugiya da hamza cikin bayanan gwajinka tun ranar farko.

Agogo da kuɗi ma suna buƙatar kulawa. Sabon aikin Django yana zuwa da agogon UTC, Najeriya kuwa tana gaba da shi da awa ɗaya, don haka ka canza saitin zuwa Africa/Lagos, in ba haka ba kuɗin da aka biya da sha biyu da rabi na dare zai fito a lissafin jiya. Kada ka ajiye naira a gurbin lamba mai ɗigo irin float, domin kwamfuta ba ta riƙe irin waɗannan lambobi daidai: ka buɗe Python ka tara 0.1 da 0.2 ka ga abin da zai ba ka. Ka yi amfani da DecimalField, ko ka ajiye komai da kwabo a matsayin cikakkiyar lamba. Kamfanin biyan kuɗi ta intanet na Paystack ma da kwabo yake karɓar adadi, wato naira 5,000 za ka aika masa ita a matsayin 500000. Idan kun kai ga karɓar kuɗi ta intanet, ka yi gwaji da mabuɗan gwaji da kamfanin yake bayarwa, kuma kada manhajarka ta rubuta an biya don kawai burauzar mai biya ta faɗa, sai sabarka ta tambayi kamfanin ta tabbatar.

Bayanan da za ka riƙe na yara ne, kuma amana ce tun kafin ta zama maganar doka, ko da yake Najeriya tana da dokar kare bayanan mutane ta 2023 da hukumar da take kula da ita. Kuskuren da na fi gani a manhajojin makarantu shi ne adireshin sakamako ya ƙare da lambar ɗalibi, uba ya shiga ya ga na ɗansa a lamba 41, ya canza ta zuwa 42 ya ga na ɗan maƙwabcinsa. Firemwok ba zai toshe maka wannan da kansa ba, kai ne za ka rubuta sharaɗin cewa wanda ya shiga ba ya ganin kowane ɗalibi sai wanda aka danganta da shi. Ka gwada wannan da hannunka da asusun iyaye biyu. Kada ka yi gwaji da sunayen ɗaliban gaske a laftof ɗin da kake yawo da ita, kuma ranar ɗorawa a saba ka kashe saitin Django mai suna DEBUG, domin idan yana kunne duk kuskuren da ya faru zai baje wa baƙo cikin manhajarka a allo.

Kada ka jira sai ka gama kafin ka ɗora. A makon farko, da zarar python manage.py runserver ya nuna maka shafin maraba a 127.0.0.1:8000, ka gina teburin ɗalibi da na aji, ka kunna shafin gudanarwa, ka ɗora wannan ɗan abin a masaukin da kuka zaɓa tare da takardar tsaron shafi ta HTTPS, wadda Let's Encrypt yake bayarwa kyauta. Duk matsalar da masaukin zai ba ka gara ta fito yanzu da aikin yake ƙarami kuma canza shawara bai yi tsada ba. Sannan ka ɗauki laftof ka je ofishin makarantar, ka zauna kusa da magatakarda ka bar shi ya shigar da ɗalibai goma na gwaji da hannunsa ba tare da ka taɓa masa komai ba, ka rubuta duk inda ya tsaya yana neman abin dannawa. Ka roƙe shi ya nuna maka takardar sakamakon da suke bugawa yanzu da littafin da suke rubuta kuɗin makaranta, ka ɗauki hoton fasalinsu ba tare da sunayen yara ba, domin daga waɗannan takardu biyu za ka fitar da sauran teburan rumbunka: yadda suke raba makin gwaji da na jarrabawa, yadda suke fitar da matsayi a aji, da yadda suke rubuta wanda ya biya rabi ya yi alkawarin cikawa bayan girbi.